Farin Allo a Bakin Tafki

Barira, ajiye kwamfutar tukuna, na ga kwalin maganin da kika zana. Ya yi kyau, fari tas, ba hayaniya. Kafin ki kai wa masu shi, bari in ba ki labarin wani mai sana'a irin tamu.

A ƙasar duwatsu akwai wani tsohon ramin haƙar kuza da ruwa ya cika shi ya zama tafki. Ruwan kore ne, lumui, ko iska ta kaɗa ba ya motsi. Tsuntsu ba ya sauka a kansa, kwaɗo ba ya kuka a gefensa. A bakin hanyar shiga mutanen ƙauyen sun kafa wani ƙaton falalen siminti, ba yaɓe ba fenti, an rubuta masa da kwalta, manyan baƙaƙe a karkace: RUWAN NAN YANA CIN MUTUM. Kwaltar ta dalalo ƙasa ta bushe a haka. Abin ba kyan gani, amma ko wanda bai iya karatu ba in ya dube shi sai gabansa ya faɗi. Irin wannan salon har yau akwai masu binsa da gangan a shafukan intanet, su bar komai tsirara, ya dake ka a ido.

Sai wani attajiri ya gina masaukin baƙi a kan tudun da ke kallon tafkin, ya ɗauko wani mai zane daga birni ya yi masa alluna da shafin intanet. Mai zanen gwani ne, amma shi wani salon daban yake bi, na rage kaya. In ya zauna aiki, cirewa yake ta yi har sai ya ga babu sauran abin cirewa. Da ya ga falalen nan sai ya ce yana ɓata wurin, aka sa lebura suka farfasa shi. Ya soma zana sabo. Da farko ya sa gargaɗi cikin ƙananan baƙaƙe, ya duba ya ga sun yi yawa, ya mayar da su kalma ɗaya. Ya kwana biyu yana kallon kalmar, ita ma ta tsaya masa a rai, ya goge ta, ya bar jan ɗigo. Daga baya jan ya yi masa kama da ihu, ya cire. Abin da aka kafa a ƙarshe farin allo ne mai santsi, da siririn layi shuɗi guda ɗaya a tsakiya, mai lanƙwasa kamar igiyar ruwa. Shafin ma haka. Baƙi suka riƙa tsayawa suna ɗaukar hoto da shi. Matan ƙauyen kuwa suka daina bi ta nan, suka canja hanyar zuwa itace.

Mai zanen yana da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda shi ya riƙe shi har ya gama makaranta. Ya gayyato shi ya zo ya ga aikin. Ƙanen ya iso da tsakar rana, lokacin da wan ya tafi cikin gari karɓo wasu alluna. Wan yana hanya saƙo ya shigo wayarsa: hoton farin allon, da rubutu a ƙasa, "Yaya, aikinka ya yi kyau. Bari in ɗan shiga in yi wanka kafin ka dawo." Ya kira, wayar ta yi ta ƙara. Da ya iso ya tarar da takalma an jera su a gindin allon, riga a ninke a kansu, wayar a saman rigar. Ruwan yana nan yadda yake, ko kumfa ɗaya babu. Masunta suka yi ta nutso har suka gaji. Tafkin bai mayar da shi ba, aka yi salla ba gawa.

Mutumin bai sake zane ba. Waɗanda suka san shi sun ce ba ya iya zama a gaban farar takarda. In an miƙa masa sai ya kife ta, ya ce akwai wanda yake ƙarƙashinta yana kallonsa.

To, ni ban ce ki cika kwalin da tarkace ba, ragewa ma ilimi ne. Amma layin nan da kika goge saboda ya ɓata miki farin, wanda ke cewa kada a ba mai ciki, ki mayar da shi, ki kuma ƙara girman baƙaƙensa ko sun yi muni. Hausawa sun riga sun faɗa: garin neman gira a rasa ido.