Akwatin Casilda

Dattijon da ake kira Don Fulgencio ya tofa majina a 'yar kwalbar da aka miƙo masa, ya ture ta da bayan hannu kamar mai korar ƙuda.

Mutum ya kawo yayarsa gidan kula da tsofaffi, sai a ce shi ma a gwada shi! Wai ƙa'ida ce saboda tarin fuka: duk wanda ke zaune gida ɗaya da mai shigowa sai an ɗauki hoton ƙirjinsa, an ɗebi jininsa. Haka Sista Benigna, shugabar gidan, ta faɗa, idonta a kan takarda.

Ya yarda ne don a gama. Ya gaji da yayar tasa, Casilda. Ta ɓoye masa makulli, ta kashe masa murhu, ta kulle ƙofa wai kada ya fita. Ko da safen nan ta rantse ya sha kofi sau biyu, shi kuwa ko ƙanshinsa bai ji ba. Tana tafiya, ɗakinta zai zama na zakarunsa na faɗa.

A baranda tsofaffi sun jeru a kujerun lilo, wani yana zubar da miyau a kan teburin wasan domino. Fulgencio ya taɓe baki.

"Ga abokan hirarki nan, Yaya. Daidai ke."

Casilda ta ƙara rungume akwatin da ta haɗa da kanta, ta hana kowa taɓawa.

Likita ya ce, "Don Fulgencio, yau wace rana ce?"

"Duk karatunka na birnin Santiago rana ce ba ka sani ba? Dubi kalandar bangonka."

"Zakaru nawa gare ka yanzu?"

"Sha biyu. Kowanne ya fi ka hankali."

Likitan ya dubi Casilda. Ta sunkuyar da kai. Ya yi rubutu, ya buga hatimi. "Ƙirji lafiya, jini lafiya. An cika sharuɗɗa."

"To a ba ta gado in tafi, dabbobina ba su ci ba."

Ya bi su ɗakin da aka nuna musu don ya ƙara dariya. Casilda ta ɗora akwatin a gado, ta sumbaci goshinsa, abin da rabonta da yi tun ranar da suka binne uwarsu.

"Jira ni, Fulo, in sallami Sista."

Ya ji ƙarar ƙofar ƙarfe daga nesa. Ya buɗe akwatin don ya ga tsummokaran da ta kwaso. A sama hoton zakaransa na ƙarshe ne, wanda ya mutu shekara bakwai da suka wuce. A ƙarƙashinsa rezarsa da rigunansa, kowace an ɗinka sunansa a wuya kamar yadda ƙa'idar gidan ta ce.