Iyafis Na Uku

Iyafis na uku ke nan da ya mutu a hannunta cikin wata biyu, kuma duk mutuwa iri ɗaya: ganga na nan, muryar mawaƙiya ce ke dusashewa kamar an toshe mata baki da filo. Ta jefa shi cikin durowa kan 'yan'uwansa, ta ja wa mai shagon Allah ya isa, ta ɓare biskit.

Rediyo ake kiranta a ɗakunan kwanan ɗalibai mata, don tun shekarar farko ba wanda ya taɓa ganin kunnenta a buɗe. Da kiɗa take wanka, da kiɗa take karatu, ƙara kuma sai ta ƙure. In ta dawo daga lacca sai ta haye gado da ledar gugguru, ta kunna fim. 'Yan fim ɗin ma sun lalace kwanan nan, kowa magana yake ciki-ciki, dole sai da ta koma karanta rubutun da ke ƙasan allo.

Doguwa, abokiyar ɗakinta, ita ma ta canza. Yarinyar da in tana waya har bene na sama ake ji, yanzu sai ta juya baya tana raɗa. In Rediyo ta waigo sai ta tarar ana kallonta.

Amma duk wannan mai sauƙi ne a kan mai gadi.

Tsoho ne siriri, gashin baki ya rufe masa leɓe, da usur rataye a wuya. Shekara sha tara yana bakin ƙofar nan. Ran Litinin ta fito za ta lacca, ta waiga haka kawai, sai ga shi a bayanta, taku uku tsakaninsu. Ba sallama, ba ƙarar takalmi. Usur ɗin na bakinsa yana tsotsa kamar alewa, idonsa a kanta.

Ran Talata ya raka ta har bakin shagon kayan maƙulashe, ya tsaya a tsallake har ta fito. Ran Laraba da rana tsaka tana zaune a ɗaki, ƙofa ta buɗe ba ko ƙwanƙwasawa, ga shi tsaye da takarda a hannu, gashin bakin nan na motsi, yana gunguni. Ta ƙwalla ihu, ta jefe shi da kofi. Ya ajiye takardar a ƙasa ya tafi. Ba ta karanta ba. Da tsinken tsintsiya ta ɗauke ta, sai kwandon shara.

Ran Alhamis ya kai hannu. Tana tsallaka harabar, kunne ba komai tunda iyafis ya mutu, sai ta ji an fizgi igiyar jakarta ta baya da ƙarfin da ya zubar da ita ƙasa. Cakulan da littattafai suka watse. Motar shara da ke ja da baya ta bi ta kan ledar guggurunta. Ta ɗaga kai, shi ne, yana haki, usur a baki.

A ranar ta rubuta ƙara shafi biyu, ta kira yayarta.

Da safiyar Juma'a suka haɗu a ofishin Madam, mai kula da ɗakunan kwana, mace mai murya kamar lasifika. Takardar sallamar tsohon na kan tebur, sa hannu kawai take jira. Shi kuma yana tsaye jikin bango, hula a hannu.

"Yaya, wallahi ko shi ko ni," in ji Rediyo. "Mutum kamar aljani, ba a jin zuwansa sai ganinsa. Tsofai-tsofai da shi!"

"Ke, rage murya, ofis ne nan," in ji yayarta.

"Wace murya? A hankali nake magana."

Madam ta dubi tsohon. "Baba, kana da abin cewa kafin in sa hannu?"

Gashin bakin ya motsa. Gungunin nan dai da ya saba. Ya daɗe yana yi, yana nuna harabar da hannu. Rediyo ta ja tsaki. Abin da ya ba ta haushi shi ne yadda Madam ta ajiye biro, da yadda yayarta ta daina kallonsa ta koma kallonta.

"'Yata," in ji Madam, "juya ki kalli taga. Kada ki waigo sai kin ji wani abu."

"Ni aka yi wa laifi, ni kuma za a sa kallon taga?"

"Juya dai, auta," in ji yayarta.

Ta juya. A waje ɗalibai na wucewa. Tsuntsaye cike da bishiyar bakin ƙofa, suna ta buɗe baki ba sa cewa komai. Ta ƙirga goma. Ta ƙirga talatin. Ofishin tsit, kamar kowa ya fita ya bar ta. Wasu 'yan mata biyu a harabar suka tsaya cak, suka ɗago kai suna neman tagar.

Haƙurinta ya ƙare. "Wai wasa ake da hankalina ne? Ni fa ina da lacca!"

Ta waigo.

Madam ta toshe kunnuwanta da hannu biyu. Yayarta na hawaye. Tsohon kuwa yana tsaye taku ɗaya a bayanta, kumatu a kumbure, jijiyoyin wuya a miƙe, yana busa usur ɗin da duk ƙarfinsa, kamar yadda yake busa mata tun ran Litinin.