Maganin Kududdufin Kusfa

Duba-garin Kusfa ya riga ya sa an kori ƙanensa daga aikin En'e kafin ya kai wa likita ruwan kududdufin unguwar. Shekara guda ƙanen yana zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta a ciki, amma warin maganin ba ya kwana biyu sai ya ɓace. Duba-gari ya haƙiƙance sayarwa yake yi, yana surka ragowar da ruwa.

Likita ya daɗe yana leƙa ruwan ta madubinsa na ganin ƙwayoyin cuta.

"Malam, ƙanenka bai ci komai ba. Akwai wasu ƙwayoyi a nan da maganin ya zame musu tuwo."

Duba-gari ya ce, "Wato ba su mutu ba?"

"Hayayyafa ma suka yi. Kiwonsu kuke yi."