Shirun Sabon Malamin Lissafi

Mai duba makarantu ta zauna a kujerar baya, ta buɗe biro. Sabon malamin ya san rahotonta ne zai sa a riƙe shi ko a sallame shi.

Ya kwafi tambaya daga littafi zuwa allo, ya juyo.

"Wa zai ba mu amsa?"

Aji ya yi tsit. Shi ma ya yi tsit, yana juya alli a hannu. Can sai wata yarinya da ba ta cika magana ba ta ɗaga hannu.

"Sha biyu, Malam."

Bayan darasi matar ta ce wa shugaban makaranta, "Kada ku saki wannan. Bincike ya nuna yawancin malamai ba sa barin yara su yi tunani, da sun tambaya sai su amsa da kansu. Shi kuwa daƙiƙa goma ya ba su."

Da ta tafi, shugaban ya dafa kafaɗar malamin.

"Ashe karatu kake a ɓoye? Ina ka ga binciken?"

Malamin ya share zufa, ya rage murya.

"Ranka ya daɗe, tsakaninmu, sha biyun nan daidai ne kuwa?"