Rawar Garmahon Alhaji Jaji

Kwana tara Malam Gidaɗo ya yi yana fama da garmahon nan, har bayansa ya sage. Shi kaɗai ya rage a Azare mai naɗe injin garmaho. Sauran masu gyara duk sun koma kan sidi da wayar hannu.

Wata mata, Talatu, ita ta kawo shi daga Katagum, ƙunshe cikin zane.

"Na mahaifina ne, Alhaji Jaji," in ji ta. "Tun da ya lalace, Baba ko abinci sai da lallashi. Ya ce a gyara masa rawar. Kada ka wahalar da kanka a kan sautin, Malam."

Rawa kam akwai ta. Ana kunnawa akwatin zai ɗauki kyarma, ya yi ya tsaya, ya yi ya tsaya, kamar mai masassara. Gidaɗo ya warware tsohuwar wayar tagullar, ya naɗa sabuwa zagaye bayan zagaye, idanunsa na ruwa. Ya yanko robar tayar keke ya yi wa injin matashi. Lasifikar ma ashe a tsage take tun tale-tale. Kai jama'a, wai a haka suke jin kiɗa! Ya liƙe ta don Allah.

Ya ɗora kofin shayi a kai, ya kunna. Shayin ko gezau.

Da kansa ya kai kayan Katagum, motar haya ta gama jijjige masa ƙugu. Ya yi sallama sau biyu. Tsohon na zaune a tabarma, duk ya rame, bai ko ɗago ba. Gidaɗo ya gaji, ba shi da ƙarfin jin haushi. Ya jona wuta, ya ɗora faifai, ya sauke allura. Kiɗan kalangu ya cika zauren, garau.

Da tsohon ya ga akwatinsa sai ya matso, fuska a sake. Ya kifa tafin hannu a gefen katakon, ya lumshe ido. Ya jira. Ya sauya hannu, ya ƙara jira.

"To, a kunna mana!" ya faɗa da ƙarfi.

Gidaɗo ya waiga ya dubi Talatu da ke tsaye a bakin ƙofa. Ta riga ta ɗora hannu a ka.

"Wayyo Malam, me ka yi mana? Shekara ashirin ke nan Baba ba ya ji, da hannu yake sauraro."