Makullin Rumbun Manhaja

Kai da kake ƙorafin an ƙi sakar maka ragama a wurin aiki, zauna ka ji wannan. An yi wata malamar makaranta a Gusau mai son harkar kwamfuta. Babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutocin makarantarsu ta jama'a ce, 'yan sa kai daga ƙasashe barkatai ke gina ta a fili, kowa ya ɗauka kyauta. Suna da rumbu a intanet inda ake ajiye ƙananan manhajoji, amma ba mai zuba komai a ciki sai wanda aka ba makulli, don abin da ya shiga nan kwamfutocin dubban mutane zai sauka. Malamar ta ɗauki nauyin wata 'yar manhaja da mai kula da ita ya yasar, wadda ke sa a iya rubuta ƙ da ɗ da ɓ. Tunda ba ta da makulli, sai ta gyara ta aika wa wani dattijo mai makulli a cikinsu, wanda ba ta taɓa gani ba, shi ya duba ya zuba. Aikinta na farko sau bakwai yana dawo mata da shi. Ta yi fushi, ta huce, ta sake. Sai da ta shekara biyu a haka sannan ta nemi makulli, aka sa ranar yanke shawara.

Saura kwana uku ta gano kuskure a gyaranta na watan jiya: wanda duk ya sabunta manhajar yana iya rasa kalmomin da ya adana. Dattijon bai lura ba, ba kuma wanda ya kawo kuka. Zuciya ta ce mata ta yi shiru, in makulli ya zo hannu ta toshe ɓarakar ba wanda ya sani. Amma ba ta bi zuciyar ba. Da la'asar ta rubuta wa jama'ar duka: "Ni na yi kuskuren nan. Ga inda yake, ga gyaransa, a gargaɗi mutane." Ta rufe kwamfuta, ta fid da rai.

Washegari dattijon ya amsa a gaban kowa: "Malama, ni ma na duba ban gani ba. Shekara biyu muna ganin aikinki, jiya muka ga halinki." Da ranar ta zo, ba wanda ya ja, aka ba ta makulli.

Shi ya sa Hausawa ke cewa, ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi.