Faifai Biyu, Rumbu Ɗaya

Kwamfutar Mai Hoto ta cika. A kusurwar falo take aiki, tana gyara hotunan bukukuwan da ta ɗauka. Ranar nan ta zo zuba na wani aure, na'urar ta ce babu wuri.

Ƙanin mijinta na kwance a doguwar kujera. Injiniya ake ce masa, don yana kallon bidiyon gyara a waya.

"Anti, wannan ai wasa ne. Akwai tsohon faifan ajiya a durowar Yaya. Zan haɗa shi da na ciki su zama rumbu ɗaya, kamar an fasa bango tsakanin ɗaki biyu."

"Ba sai mun kwafe hotunan a wani wuri ba tukuna?"

"Haba Anti! Ke da kyamara, ni da inji. Na taɓa koya miki ɗaukar hoto?"

Ta yi dariya ta ba shi kujera. Ya haɗa, wuri ya buɗe. Ta zuba hotunan, ta goge katin kyamara.

Bai gwada lafiyar tsohon faifan ba. Bai gaya mata cewa yanzu ajiyarta a warwatse take a kan faifan biyu ba, in ɗaya ya mutu zai ja ɗayan. Ya sani sarai. Yabo yake so, ba tambaya ba.

Bayan 'yan makonni tsohon faifan ya fara ƙas-ƙas. Ta faɗa masa.

"Gaisuwa yake yi, Anti."

Wata safiya kwamfuta ta ƙi tashi. Mai gyara a kasuwa ya duba, ya girgiza kai, ya ce hotunan duk sun tafi.

Da yamma uwar amarya ta yi sallama, idonta a kumbure. Mijinta, uban amarya, ya rasu bayan bikin.

"'Yata, ba duka nake so ba. Hoton da babanta ya dafa kan yarinyar yana dariya. Shi kaɗai ki ba ni."

Mai Hoto ta juya wajen Injiniya. Ko kansa bai ɗaga daga waya ba.

"Ai kowa ya san ana ajiye kwafi," in ji shi.

Tsohuwar ta gane. Ta sa takalmanta ta fita.

Jama'a, ƙara wuri ba tsaro ba ne. Kafin a taɓa faifanku, ku kwafe abinku a wani wuri daban. Kai kuma mai ganin ka iya, in ka san haɗarin ka yi shiru, ba taimako ka yi ba, cin amana ka yi.